Gargaɗi ga masu zomaye a Maradi: mai tallar "keken zomo" ɗan damfara ne

Assalamu alaikum. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu kiwon kaji da zomaye, da kuma Facebook, yana tallar abin da ya kira keken zomo, haɗe da wani magani da ya ce yana warkar da sanyin ƙashin tsohon zomo cikin mako guda. Kada wanda ya tura masa ko dala. Ban sa suna ko lamba ba domin canza su yake yi, amma salonsa ɗaya ne, kuma da shi za ku gane shi.

Hotunansa na wani farin zomo ne mai dogayen kunnuwa, an ɗaura masa ƙafafun baya a kan ƴar amalanke mai taya biyu, yana tafiya kan ciyawa kore shar. Ku duba bayan hoton da kyau. Akwai gida mai jan rufi da bututun hayaƙi a sama, irin na ƙasashen sanyi. Daga intanet ya kwaso su. Duk wanda ya ce ya nuna masa keken a hannunsa ta kiran bidiyo, sai ya ce kayan suna Kwatano, kuma tun da iyakar Benin a rufe take, sai an zagayo da su ta Najeriya, a biyo Jibiya zuwa Ɗan Issa.

Innata, ƙanwar mahaifiyata da ke unguwar Zariya, tana cikin waɗanda ya taɓa. Ɗan autanta na da zomanya da ta kai shekara 8 a gidan. Da hunturu ya shigo sai ta fara jan ƙafafun baya da safe, ko dokin ƙofa ba ta iya tsallakewa. Yaron ya ga tallar, ya matsa wa uwar. Mutumin ya iya baki: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ai ƙaramin abu ne. Keken da magani jika 30 ne, ki sa rabi kafin alƙalami, sauran sai kaya sun iso hannunki." Ta tura jika 15. Bayan kwana biyu ya ce ƴan duwan sun riƙe kaya, a ƙaro jika 7. Sannan kuɗin mai mota. Abin da aka karɓo a tasha daga ƙarshe wani ƙulli ne a baƙar leda, babu keke, sai ƴar kwalba mara suna mara kwanan wata, cike da farin ruwa mai kauri. Da aka ɗaga ta a rana, ana ganin ɓurɓushin ɓawon kafso na yawo a ciki. Ke nan maganin mutane ya zazzage ya dama.

Kuɗin da suka tafi sun tafi. Kwalbar ce ta sa na rubuta wannan, domin ita ce ke kisa. Cikin zomo ba irin na akuya ko kaza ba ne. Yana rayuwa ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar masa da ciyawa a hanji, kuma akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da ampicillin da lincomycin, waɗanda in an ɗura masa ta baki suke kashe masu amfanin, masu guba su samu fili. Sai zawo, sai kumburin ciki, sai mutuwa cikin ƴan kwanaki. Dexamethasone da masu tallar magani a tire ke ba duk mai ciwon gaɓoɓi, shi ma yana karya garkuwar jikin zomo. Kuma zomo ba ya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga. Allah ya sa yayan yaron ya hana a ba ta, ya kai kwalbar wurin likitan dabbobi, shi kuma ya ce a zubar.

Na yi ta tunanin me ya sa wannan damfara ke ci a garin nan. Mu dai mun saba kiwon zomo don nama ko don kasuwa, ba safai yake tsufa a hannunmu ba, alhali wanda ake kula da shi yana kaiwa shekara 8 zuwa 12. Wanda nasa ya tsufa ba ya samun mai ba shi shawara, kuma yana jin nauyin a gan shi da zomo a kwando ya nufi wurin likita, kada a ce ya rasa abin yi. Wannan kunyar mutumin yake ci. Shi kaɗai ne ba ya yi maka dariya, har ya tambayi sunan zomon.

Keken zomo kuwa abu ne na gaske a wasu ƙasashe, amma don wanda ƙafafunsa na baya suka shanye ake yin sa, ana auna shi da jikin dabbar, a sa ta na ɗan lokaci ana kallo. Wanda bai tambaye ka nauyi ko tsawon zomonka ba, me zai ƙera? Ƙashin bayan zomo ba shi da ƙwari. In aka ɗaure wanda har yanzu yana iya takawa ya firgita ya yi harbi, yana iya karya bayansa da kansa. Shi ya sa ma in za a ɗauke shi sai a tallabe ƙirji da ɗuwawu tare, ba a ɗaga shi ta kunne yadda muke gani a kasuwa.

Abin da tsohon zomo ke bukata yawancinsa yana cikin gida. A sauko da shi daga kejin waya, don wayar na cin tafin ƙafarsa har ya yi gyambo. In ɗakin siminti ne mai santsi ko tayil, a shimfiɗa tabarma ko buhun algarara, a ɗora tsohon bargo inda yake kwanciya. Kwanon ruwa da na abinci su zama marasa zurfi kuma kusa da shi. A rage dusa da hatsi, a yawaita busasshiyar ciyawa, a ɗan haɗa da harawa, saboda ƙiba nauyi ce a kan gaɓoɓin da ke ciwo. A bar shi ya ɗan zaga tsakar gida da sanyin safiya. Da bazara, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, a nema masa inuwa mai iska kusa da randa, don zomo ya fi jure sanyi a kan zafi.

Sai duba ƙarƙashin wutsiya, safe da yamma. Zomo mai ciwon gaɓoɓi ba ya iya lanƙwasawa ya gyara jikinsa, ba ya kaiwa ga kashin nan mai laushi da ya saba ci kai tsaye daga bayansa, sai ya manne a gashi tare da fitsari. Fata ta ɗaye, ƙuda ya yi ƙwai, kafin kwana ɗaya tsutsa ta fito, musamman da damina. A goge wurin da tsumma da ruwan ɗumi a busar sosai, kada a tsoma shi gaba ɗaya a ruwa. A leƙa kunnuwa ma, tun da ƙafar da yake sosa su da ita ce ta gaza.

Sanyin ƙashi ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Maganin rage ciwo da likitoci suka fi ba zomo shi ne meloxicam, kuma sai an auna nauyinsa an duba lafiyarsa kafin a faɗi adadi, don yana iya taɓa ƙoda. Jan ƙafa ma ba kullum ne tsufa ba, yana iya zama rauni a baya ko wata cuta ta daban. Banza ba ta kai zomo kasuwa, gara a biya kuɗin ganin likitan dabbobi, ko na ofishin kiwo ko mai zaman kansa. Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ba a jira da shi sai gobe.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge saƙonni. Ya adana muryoyin, hotunan, da shaidar turawa, ya kai wa ƴan sanda, domin tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet. Masu kula da zauruka kuma ku sa ido: kwanan nan ya dawo da sabon suna da sabuwar lamba, hoton farin zomon nan dai bai canza ba, ya ƙara da tallar keken ɗan akuya.