Sharhi: Land Rover Defender 110 mai injin 300Tdi, motar aiki ce mai son kulawa

Wanda yake neman motar sanyi da shiru ya nemi wata. Defender tana da ƙara, hannun direba a matse yake da ƙofa, in ana ruwan sama kuma sai ya ɗigo ta saman ƙofofi. Amma a hanyar ƙauye da damina, da kaya a baya, ban ga motar da ta fi ta kwantar wa direba hankali ba.

Asalinta daga kamfanin Rover ne na Ingila. Maurice Wilks ya tsara Land Rover ta farko, aka fara nuna ta a Amsterdam a 1948, aka riƙa ƙera ta a Solihull. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfe ya yi wuya a Birtaniya, shi ya sa aka yi bodinta da alminiyom, kuma a haka ta ci gaba. Samfurin 110 ya fito a 1983, sunan Defender ya zo a 1990, aka daina ƙera tsohuwar a Janairun 2016.

Injin 300Tdi, wanda ya fito a 1994, shi ne dalilin da nake fifita ta a kan masu injin Td5 da suka biyo baya a 1998. Dizal ne mai lita 2.5 da ƙarfin doki 111, kuma ba kwamfuta ke sarrafa famfon mansa ba, don haka bakaniken da ya san injin dizal zai gyara shi da sifana. Tana shan kusan lita 10 a kilomita 100. Gudu kam babu, daga 100 zuwa sama sai ƙara.

Babban abin tsoro shi ne zafi. Kan injin na alminiyom ne, in ya ɗau zafi sosai sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Ruwa yakan zube ta wurare uku: gasket ɗin da ke bayan famfon ruwa, marafan roba da ke saman lagireto da gidan tamostat, da baƙar gorar ruwa wadda kan tsage a wurin haɗinta. Abin da ya fi muni, in ruwan ya zube gaba ɗaya allurar zafi ba lallai ta hau ba, domin na'urar da ke auna zafin ba ta cikin ruwa kuma. Direba yana ganin komai lafiya, injin yana ƙonewa. A maye gurbin marafan robar da na tagulla, a duba ruwa kowace safiya kafin a tayar, kuma a daina cire tamostat da sunan maganin zafi. Lagireton da ya toshe shi ke buƙatar wanki ko canji.

Sai bel ɗin taimin. A wurin ƙura da zafi kada ya wuce kilomita 60,000 ba a canza shi ba. Injinan farko suna da matsalar rashin daidaito da ke cinye gefen bel, akwai kuma kayan gyaran da aka fitar don haka, a tambaya ko an sa su. In bel ya tsinke, yawanci sandunan da ke tura bawul ne ke lanƙwashewa. Tazarar bawul milimita 0.20 ce. Baƙin mai 15W-40, lita bakwai ba kaɗan, a canza shi duk kilomita 10,000 ko ƙasa da haka lokacin hunturu.

Giyabos ɗin R380 man MTF94 yake so. Masu zuba masa man EP90 mai kauri su ke sa giya ta biyu ta riƙa tauri da safe. EP90 na akwatin giyar taimako ne da aksul. Tayoyi huɗun suna ja a kowane lokaci, makullin tsakiya kuma, wanda ke ɗaure aksul ɗin gaba da na baya su juya tare, na taɓo da rairayi ne kawai. Wanda ya bar shi a kulle a kan kwalta zai wahalar da giya, tayoyi su cinye.

In sitiyari ya kama girgiza mai tsanani bayan an faɗa rami, a duba bushin sandar da ke riƙe aksul ɗin gaba da ɗaurin gwiwoyin tayoyin gaba, kafin a ɗora laifi kan shokozoba.

Mai saye kada kyan bodi ya ruɗe shi. Alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma shasi ƙarfe ne, kuma gishirin da ake zubawa a titunan Ingila lokacin sanyi yana cin sa daga ciki. A shiga ƙarƙashi da guduma a buga ƙarfen baya, da hannuwan shasi, da bangon da ya raba injin da ƙafar direba. Yawancin waɗanda ke Ingila sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka a nemi wadda aka ƙera da sitiyarin hagu tun daga masana'anta. Wadda aka juya a gareji sai an duba waldar akwatin sitiyari da bututun birki ɗaya bayan ɗaya kafin a biya kuɗi.