Likitan ya san aikinsa, amma teburin karɓar marasa lafiya sai haƙuri

Tun da na kai mahaifiyata wurin likitan iyalin da muke da kati a asibitinsa, a cikin zafin nan da ake fama da shi, ake ta tambayata ko wurin ya kai yadda ake yabonsa. Likitan dai ya kai, har ya wuce. Sauran ma'aikatan kuwa, ku bari in zo kansu.

Mama ta haura shekara 70, kuma ta daɗe tana shan maganin hawan jini ba tare da wata matsala ba. Da zafi ya kankama sai ta fara cewa in ta miƙe tsaye idonta rufewa yake, ƙasa tana juya mata. Cin abinci ya ragu, barci ya yi yawa. Ƙanena ya dage jinin ne ya hau, a ƙara mata ƙwaya kawai. Allah Ya sa ba a bi tasa ba.

Abin da ya fara burge ni, likitan bai ɗauki biro ba sai da ya ce a zazzage masa duk maganin da ke jakarta a kan tebur. Duka, har da wanda ba shi ya rubuta ba. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya yana karanta bayan kwalin. Daga nan ya sa ta kwanta, ya auna jininta, ya ce ta tashi tsaye a hankali tana riƙe da hannuna, ya ɗan jira, ya sake aunawa. Lambar sama ta awon jinin ta faɗo daga 132 zuwa 104. Ya juyo da na'urar ya nuna mini, ya ce in lambar sama ta sauka da 20 ko fiye cikin minti 3 da miƙewar mutum, wannan kaɗai ya isa ya kawo jiri har da faɗuwa. Ashe jinin ba hawa ya yi ba, sauka yake yi. Duk tsawon shekarun da ake auna ta, ban taɓa ganin wanda ya auna ta a tsaye ba.

Sai ya ja kujera kusa da ita ya sassauta murya. "Mama, ki yi haƙuri da tambayar ɗanki. Sau nawa kike zagayawa a rana? Kuma yaya launinsa?" Ta sunkuyar da kai, ta daɗe kafin ta ce bai fi sau biyu ba, kuma ja ne sosai. A nan gaskiya ta fito: da gangan ta rage shan ruwa, saboda ƙwayar safe tana sa ta yawan fitsari, ga gwiwa tana ciwo, tashi da zama wahala ne. Mu da muke kwana gida ɗaya da ita ba ta taɓa faɗa mana ba.

Bayanin da ya yi mana ya fi maganin da ya rubuta amfani a wurina. Ɗaya daga cikin ƙwayoyinta, hydrochlorothiazide, aikinsa ke nan ya fitar da ruwa da gishiri ta fitsari. A lokacin zafi kuma gumi yana kwashe nasa, jijiyoyin jini suna buɗewa don jiki ya huce, sai jinin ya ƙara sauka. Ga shi tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa na iya bushewa bai nemi ruwa ba. Sannan ya ɗaga wani kwali da ta saya da kanta don ciwon gwiwa, diclofenac, ya ce wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Haɗa shi da mai sa fitsari da kuma lisinopril, wani maganin hawan jini da take sha, a jikin da ba ruwa, hanya ce ta jigata ƙoda, kuma ibuprofen ma danginsa ne. Ya ce ta daina shi nan take, ya mayar da ita kan paracetamol, ya dakatar da mai sa fitsarin har a ga sakamakon gwajin ƙoda da gishirin jini. Ya kuma kalle ni ya ce kada in je in ba maƙwabta wannan shawarar, don akwai masu ciwon zuciya da in suka bar irin wannan ƙwayar da kansu ruwa zai taru musu a huhu.

Nas ɗin da ta ɗebi jinin ita ma ba laifi. Ta ba mu wata takarda ta shawarwarin lokacin zafi, kuma ba miƙo ta kawai ta yi ba, sai da ta bi ta da mu. Ta ce a duba fitsari, in ya yi fari-fari jiki ya samu ruwa, in ya yi duhu a ƙara sha. A guji rana daga wajen ƙarfe 11 zuwa 4, a riƙa ɗora jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata. In gudawa ko amai ya zo, ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, amma mai hawan jini kada ya mayar da shi abin shan kullum. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono za a ƙara masa, ba ruwa ba. Wanda na fi riƙewa shi ne batun ajiyar magani: yawancinsu an rubuta a kwali kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, don haka ba a barin su a mota ko bakin taga, insulin na masu ciwon sukari kuwa firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ya daskare. Ta ce duk wanda zafi ya buga har ya fara sambatu ko ruɗewa, ko zafin jikinsa ya kai 40, ba nan za a kawo shi ba, a fara sanyaya shi a wuce sashen gaggawa.

Da a nan abin ya tsaya, da taurari biyar zan ba su ban ko yi tunani ba. Amma ina rubuta wannan ina tuna yadda muka samu ganin likitan, raina yana sake ɓaci.

Wayarsu ado ce. Ta yi ta ringin har ta katse. Da aka ɗauka aka ba mu lokaci, mun zo kafin lokacin, amma sai da muka ga waɗanda suka zo bayanmu sun shiga sun fita. Ɗakin jira kamar tanda, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi, na'urar sanyaya ɗaki a kashe. Abin haushin, a bango ga babbar takarda mai hoton kofi tana cewa a yawaita shan ruwa, a ƙarƙashinta kuma ga na'urar ruwan sha, gorar a bushe ƙaƙas. Na yi wa matar da ke kan tebur magana, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baiwar Allah, an aika a kawo." Har muka tafi ba a kawo ba. Ita ce kuma ta tambayi Mama da ƙarfi, a gaban kowa, me ke damunta. Dattijuwar da likita ya lallaɓa kafin ta iya buɗe baki, wai ita za ta faɗi ciwonta a tsakiyar jama'a.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sakamakon gwajin. Likita da bakinsa ya ce da zarar ya fito za a kira mu, don a kansa zai yanke ko a mayar da ƙwayar da ya dakatar ko a canza ta. Shiru. Na kira, ba a ɗauka ba. Ƙafar Mama ta fara ɗan kumbura, ni kuma ban san ko in ba ta maganin ko in bari ba. Da na gaji na je da kaina, sai ga takardar a cikin fayil, likita ya riga ya sa hannu har ya rubuta abin da za a yi, ba wanda ya ɗaga waya. Ko "yi haƙuri" ban samu ba, sai "ai da kin zo tun tuni." Alhamdu lillahi ƙodar ba ta taɓu sosai ba, kuma Mama ta warware, jirin ya tafi. Amma da sakamakon ya zo da matsala fa? Haka zai kwanta a fayil?

Taurari uku na ba su, kuma dukansu na likita da nas ne. Ba zan canza asibiti ba, don samun likitan da zai zauna ya karanta kwalayen maganin tsohuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Wanda zai je, ya nemi lokacin safe, ya tafi da ruwansa da duk magungunan mara lafiyar a jaka, kuma in an ɗebi jini ya tambayi ranar da zai fito ya je da ƙafarsa. Saƙon tes ɗinsu na tunatar da mutane su sha ruwa kuwa bai taɓa fashi ba, ko a ranakun da nake jiran kiransu yana shigowa. Ashe lambata tana wurinsu.