Awaki ko tumaki: da wanne mai komawa ƙauye zai fara?

Malam, na ga tambayarka. Ka ajiye aiki a Kano, za ka koma gida ka zauna kan gonar gado mai kamar eka biyu, kana son sanin awaki za ka fara kiwo ko tumaki. Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Na kiwata duka biyun, ga abin da idona ya gani.

Wajen ɗaukar ciki ba su da bambanci, wata 5 ne kowacce. A yawan 'ya'ya suke rabuwa. Jar akuya, wadda ake kira 'yar Sakkwato ko 'yar Maraɗi, tagwaye ba baƙon abu ba ne a wajenta, musamman daga haihuwa ta biyu, kuma in tana ƙoshi takan haihu sau 3 cikin shekara 2. Tunkiya kuwa, Yankasa ce ko Uda ko Balami, galibi ɗaya take saukewa. Mai son garke ya taru da wuri, akuya ce tasa.

Amma maganar gaskiya tana wajen ci. Akuya kai take ɗagawa, tunkiya kuwa sunkuyawa take yi. In bazara ta kai bazara, ƙasa ta zama fili fetal, za ka ga akuya ta miƙe kan ƙafafun baya tana tsinkar ganyen magarya, ko tana tsintar 'ya'yan gawo a gindin bishiya, ta dawo gida ciki taf. Tunkiya ciyawa take nema, in babu sai ta tsaya bakin ƙofa tana kuka, idonta na kanka. Daga nan sai harawa, sai dusa, sai kowar wake, duk daga aljihunka. Wanda bai tara harawa tun kaka ya ɗora a kan rumfa ba, a watan Afrilu zai saye ta da tsadar da za ta cinye ribar tun kafin a je kasuwa.

Inda akuya ke ba da wahala shi ne ɓarna. Ba ta san dangar kara ba, haurawa take yi ko ta cinye. Wata damina tawa ta tauna igiyar turke har ta tsinke, ta faɗa gonar waken maƙwabcina. Sai da muka je gaban mai unguwa, na biya, kuma an daɗe gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Kai da ka daɗe ba ka gari, ba ka buƙatar fara zama da irin wannan. Ka yi garke na katangar ƙasa ko waya kafin ka kawo ko guda ɗaya. Tumaki ba su da wannan rigima sosai, tare suke tafiya, yaro ɗaya ya ishe su.

A kasuwa rago ne sarki. Layya da raɗin suna ba sa barin kuɗinsa ya faɗi, kuma Balami ko Uda da aka turke wata 3 zuwa 4 yana kawo abin da taure ba zai kawo ba. Sai dai ka lura da abu guda: Babbar Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, a shekarun nan tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina. Ke nan turkar za ta kama daidai lokacin da abincin dabba ya fi tsada. Akuya ba ta kawo dunƙulen kuɗi irin haka, amma duk ranar kasuwa tana da mai saye. Kuɗin makaranta ya taso ko asibiti, ka ja ɗan bunsuru ɗaya, kafin azahar ka dawo da biyan buƙata.

Cuta kuwa ba ta ƙyale ko ɗayansu. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zuwa da majina da zawo da ƙuraje a baki, tana iya share garke cikin 'yan kwanaki, kuma awaki ta fi kayarwa. Akwai rigakafinta, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin allurar, ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Duk dabbar da ka sayo daga Wudil ko Maigatari, ka ware ta mako 2 zuwa 3 kafin ta haɗu da na gida. A ba su maganin tsutsar ciki farkon damina da ƙarshenta, makwanci kuma ya zama busasshe, don akuya ba ta jure jiƙa.

In ni ne kai, bana da jajayen awaki 5 da bunsuru 1 zan fara. Zan shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero saboda harawa, in riƙa kwashe takin garke ina kaiwa gona. In kaka ta yi, na ga abin da na tara da idona, sai in sayo Yankasa 2 in gwada turka, don ba su kai Balami ci ba. Ranar saye kuma ka tafi da wani dattijon garinku da ya san dabba, ya buɗe baki ya duba haƙora, kada dillali ya haɗa ka da tsohuwa.