Gargaɗi ga masu motar turbo a Kumasi: ɗan akwatin "sanyaya iska" damfara ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da masu motoci, musamman masu Sprinter na torotoro (motocin haya) da masu Hilux da Navara da ke jigila tsakanin Kumasi da arewa. Wasu samari sun fito da sabon salon cin kuɗin mutane, kuma 'yan zango suka fi auna, domin da Hausa suke tallarsu a WhatsApp da Facebook. Hajarsu wani ɗan baƙin akwati ne da zai shige aljihun riga, da wayoyi biyu da 'yar fitila shuɗiya. Cewa suke daga Jamus ya zo, wai da zarar an jona shi zai riƙa sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, mota ta ƙara ƙarfi, shan mai ya ragu. Aikin wayarin mota nake yi a Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke nan Suame, kuma akwatunan nan sun fara shigowa hannuna a jikin motocin da ake kawowa gyara. Ƙarya ce tsagwaronta.

Abin da ya sa maganarsu ke shiga kunne shi ne sun jingina ta da gaskiya. Turbo matsa iska yake yi ya cusa ta cikin inji, iska kuwa in an matsa ta sai ta ɗau zafi. Duk wanda ya taɓa bakin famfon hura taya bayan an gama aiki da shi ya san haka. A ranar da zafin gari yake digiri 30, in turbo ya ƙara matsi da bar 1 (bar ma'aunin matsin iska ne), iskar da ke fitowa daga cikinsa takan haura digiri 120. Iska mai zafi shan wuri take yi, iskar shaƙar da ke cikinta kaɗan ce, sai mai ya kasa ƙonewa yadda ya kamata. Domin haka masu ƙera mota suka sa intakula, wannan faffaɗan ƙarfen alminiyom da ke gaban lagireto a Sprinter, wasu motocin kuma a saman inji yake ƙarƙashin bonet. Iskar turbo tana bi ta cikin siraran bututansa, iskar hanya tana dukansa ta waje tana kwashe zafin. In ya sauko da ita daga 120 zuwa 50, abin da silinda za ta haɗiya ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ƙarfin daga nan yake zuwa. Sai da faɗin ƙarfe da iska mai wucewa, ko ruwa mai zagayawa a wasu motocin, ake raba iska da zafinta. Wayoyi biyu ba su da inda za su kai zafin.

Na fasa ɗaya a gaban mai motar da aka sa wa. An cika cikinsa da baƙin gam don kada a ga komai. Da na kankare da wuƙa, abin da na tarar rizisto ne guda ɗaya, ɗan abin nan mai riƙe wuta, irin wanda masu gyaran rediyo ke saye da 'yan pesuwa, sai fitilar nan da ba ta da aiki illa ƙyaftawa. Alhajin ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu kafin ya ce, "Masta, wannan ne na ba da sidi ɗari takwas a kansa?" Na ce masa shi ne, Alhaji.

Ga dabarar. A hanyar iska akwai sensa mai auna zafi, ita ke ba kwamfutar mota labari. Yadda take aiki, in iska ta yi sanyi sai ta ƙara riƙe wuta, in ta yi zafi ta saki. Irin ta Bosch da aka fi samu tana ba da wajen om 2,500 (om ma'aunin riƙe wuta ne) a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. To sai su yanke wayarta su saƙala rizistonsu a tsakani, kwamfuta ta riƙa karanta sanyin da babu shi. Na sa na'urar bincike a wata mota da azahar, rana na ƙwallewa, injin ya ɗau zafi, amma allon yana nuna iska digiri 9. A Kumasi! Ko a tsakiyar hunturu ban san mun ga haka ba.

A wasu motocin kwamfutar takan gwada da sauran sensoci, ta gane akwai rainin hankali, ta kunna fitilar inji ko ta yi biris, asarar mai mota ta tsaya a kuɗinsa. Waɗannan su ne masu sa'a. A wasu kuwa sai ta gaskata, ta ƙara mai a kan iskar da ba ta kai ba, baƙin hayaƙi ya biyo salansa. Mafi muni, kwamfuta tana da kariya: in iska ta yi zafi fiye da kima takan rage ƙarfi don ta tsare inji. Wannan akwatin ya rufe mata ido. Sai ka ɗauko fasinja da kaya fal, ka kama hawan Mampong a ƙaramar giya, inda iskar hanya ba ta dukan intakula sosai, inji na ƙuna kwamfuta na cewa lafiya lau. A motar fetur mai turbo nan ne ƙwanƙwasa ke farawa, fistin ne kuma ke biyan bashin.

Wani zai ce ai ya ji canji ranar da aka sa masa. Ya ji, ban musa ba. Ku lura da lokacin da suke zuwa: da sassafe ko bayan an ɗauke ruwa, sa'ad da gari ke da sanyi kuma kowace motar turbo ke jin daɗin gudu. Suna jona abin suna kaɗe maka filtar iska, wani kuma ya sa na'urarsa ya goge lambobin matsala da suka sa motar ta riƙe kanta. Ka zagaya shataletalen Suame ka dawo kana murna, ka tura musu kuɗi ta momo, wato asusun waya. Kwana kaɗan matsalar ta dawo da ƙafarta.

Su ɗin dai suna da haja ta biyu, ita ma a kula. Intakula ce wai hom-yus, wato ta hannu daga ƙasar waje, tana walƙiya. A gaskiya fasasshiya ce daga motar da ta yi haɗari, aka liƙe tsagar kunnen robarta da gam aka fesa fenti ruwan azurfa, har kan fika-fikan, siraran ƙarafan nan da ke tsakanin bututanta. Hom-yus na gaske da ƙurarsa da tabonsa yake zuwa. Kafin ka biya, a toshe bakunan biyu, a hura mata iska bar ɗaya da rabi, a tsoma ta cikin baho. In ka ga kumfa na tasowa, ajiye musu kayarsu. A karkata ta kan farar takarda. Ɗan danshin baƙin mai ba komai ba ne, amma in ya zubo da yawa, ko ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli, turbon motar da aka ciro ta ya tarwatse ne, kuma injinka zai haɗiye ragowar. Mai kaya na ƙwarai, a Magazin ko a kasuwar Abossey Okai ta Accra, ba ya jin haushin gwaji. Waɗannan kuwa ba su da shago. A bakin gidan mai suke haɗuwa da kai, ko su ce ka tura rabin kuɗi su sa kaya a mota daga Accra, lambar momo ɗin kuma sunanta daban da na mai maganar.

Wanda motarsa ta rage ja, tana feshin iska in ya taka totur, tana hayaƙi, ya fara duba tiyo da kilif ɗinsu, ya wanke laka da ƙwarin da suka toshe fuskar intakula da ruwa marar ƙarfi don kada fika-fikan su lanƙwashe. Sau da yawa a nan ƙarfin ya zube. Wanda kuma aka riga aka sa wa akwatin, ya je a cire yau, a haɗa wayar da dalma a naɗe ta, ba murɗawa da hannu ba, sannan a duba a na'ura cewa zafin da take nunawa da safe kafin a tayar da inji ya yi daidai da na gari. Ya ajiye akwatin da saƙonnin momo da hoton tallar, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana. Shugabannin tasha, don Allah a karanta wa direbobin da ba sa duba waya.