Busch ko Alban Berg: wanne za a fara saurara a Op. 132 na Beethoven?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu kiɗan mutum huɗu na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan ɗan Jamus, mai lamba Op. 132 a hannun ƙungiyoyin makaɗa biyu, ta Busch da ta Alban Berg, ka rasa wanda za ka fara da shi, musamman da ka ji na Busch yana ta shuuu kamar ana suya. Duka biyun na daɗe ina saurarensu, ga yadda kunnena ya raba su.

Kiɗan dai goge huɗu ne na Turawa: bayolin biyu, biyola mai muryar tsakiya, da calo mai kauri. Beethoven ya rubuta shi a 1825, yana kurma, shekara biyu kafin rasuwarsa. A watan Afrilun shekarar ciwon ciki ya kwantar da shi, likita ya hana shi giya da kofi da kayan yaji. Da ya tashi sai ya rubuta kashi na uku cikin biyar, ya sa masa take da hannunsa cewa waƙar godiya ce ta wanda ya warke zuwa ga Ubangiji. A wannan kashin ne ƙungiyoyin biyu suka fi rabuwa.

Alban Berg 'yan Viyana ne, babban birnin Austriya, Günter Pichler ne ya jagorance su har suka watse a 2008, sun ɗauki dukkan kiɗan mutum huɗu na Beethoven wa kamfanin EMI sau biyu: a ɗakin ɗauka tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, sannan a gaban jama'a a 1989. Sautinsu tas yake. Za ka iya zaɓar biyola kaɗai ka bi ta daga farko har ƙarshe ba ta ɓace maka ba, kuma idan su huɗun suka sauka kan amo ɗaya, ba wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Ga mai sabon kunne wannan babbar riba ce, domin abin da ke wahalar da mutane a irin wannan kiɗa shi ne gane cewa mutum huɗu ne ke zance, kowa da tasa maganar. Je ka kashi na huɗu, ɗan gajeren macin nan da bayolin na farko ke katsewa da wani kuka mai kama da magana, daga nan a zarce kashi na biyar. Yadda suke ƙara wuta har ƙarshe, ba na jin Busch ya kamo su a tsabta.

Amma a waƙar godiyar, ni a wurina, mutumin da Alban Berg ke nunawa ya riga ya warke sarai. Tafiyarsu na da ɗan hanzari, sautin cike yake da ƙoshin lafiya tun daga amon farko.

Busch kuwa a 1937 suka ɗauki nasu a Landan, a kan faifan garmaho wanda fuska ɗaya ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai. Kashin da ke cin sama da kwata na awa dole a yanka shi gunduwa-gunduwa, a tsaya, a sa sabon faranti, a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma ba damar gyara kuskure sai dai a sake fuskar gaba ɗaya. Duk da haka idan ka saurara ba za ka ji zaren ya tsinke ba. Adolf Busch ne a gaba, ƙanensa Hermann a calo, Gösta Andreasson da Karl Doktor a tsakiya. Suna jan baka a hankali ƙwarai, har ka fara fargabar izgar za ta ƙare kafin amon ya cika, sai ta kai. Beethoven ya gina waƙar a kan wani tsohon ma'aunin coci wanda amo guda a cikinsa ya ɗan ɗaga sama da inda kunne ya saba, shi ya sa take kamar tana shawagi ba ta sauka. Sau uku take zuwa, kowane zuwa da ƙarin ado, kuma tsakaninsu sau biyu kiɗan kan zabura, inda ya rubuta cewa ana jin sabon ƙarfi. A hannun Busch wannan zaburar irin ta majinyaci ce da ya fara taka ƙasa, da murna da sauran rauni a gwiwa. Zuwa na uku, wanda ya ce a kaɗa da matuƙar shauƙin zuci, nan ne nake ajiye duk abin da ke hannuna.

Akwai wata ɗabi'a tasu da za ka lura da ita: maimakon yatsa ya yi tsalle daga amo zuwa amo, sai ya zame a kan tsirkiya, ka ji hanyar da ya bi. Makaɗan bayan yaƙin duniya na biyu sun rage wannan sosai, wasu na ganinsa tsohon yayi. Kunnen da ya tashi da jin goge da kukuma ba zai ga baƙon abu a nan ba, zamiyar ce ke sa tsirkiya ta yi kama da muryar mutum.

Shi Adolf Busch, tun 1933 ya daina kiɗa a Jamus saboda abin da 'yan Nazi ke yi wa Yahudawa, alhali shi ba Bayahude ba ne kuma kasuwarsa a can take. A 1939 ya koma Amurka. Ban ce wannan ne ya sa kiɗan ya yi daɗi ba, amma ina jin nauyinsa idan na tuna shekarar da aka ɗauki faifan.

Gaskiya kuma ɗaya ce, tsohon faifai tsoho ne. Sautin ta kafa ɗaya yake fitowa, calo kan yi nisa, inda aka yi ƙarfi kuma muryoyin kan cakuɗe. A lasifikar waya ba abin da za ka tsinta sai shuuu ɗin. Nemi abin sawa a kunne mai kyau, bayan minti biyu ko uku kunnenka zai daina kula da ƙarar.

Don haka ka fara da Alban Berg, ka ji kashi biyar ɗin a jere sau biyu ko uku har ka san inda kowace murya ke shiga. Sannan ka ɗauko Busch ka tafi kai tsaye kashi na uku, a lokacin da ba mai kiranka. Idan ya kama ka, Op. 131 nasu na 1936 shi ne na gaba.