Cocin Ebenezer na Osu: ziyarar da ta cancanci awa guda

Yawancin masu zuwa Akra ganin tsofaffin gine-gine sukan tsaya a fadar Christiansborg, tsohon sansanin Turawan Denmak da ke unguwar Osu, su juya. Asara ce, domin a cikin unguwar Osu ɗin akwai cocin Ebenezer na 'yan Presbyterian, ginin 1902, kuma har yau ana ibada a cikinsa.

Sai ka san tarihinsa kafin idonka ya gane abin da yake kallo. 'Yan mishan na Basel, daga Siwizalan, sun sauka Osu a 1828, lokacin Denmak ke riƙe da wurin, ikilisiyar kuma ta kafu a 1847. A 1854 jirgin yaƙin Ingila ya yi wa garin ruwan wuta saboda mutane sun ƙi biyan haraji, mishan ta yi ƙaura zuwa Abokobi. A Yaƙin Duniya na Farko Turawan Ingila suka kori 'yan Basel, mishan ta Sikotilan ta karɓi aikin, sunan Presbyterian ya shigo a 1926. Wato ginin ya girmi sunan da yake ɗauke da shi.

Aibin ziyarar ɗaya ne: wurin ibada ne, ba gidan tarihi ba. Ranar Lahadi cike yake, ba damar tsayawa kallo. Ka je ranar aiki da hantsi, ka fara shiga ofishin coci ka nemi izini, musamman na ɗaukar hoto, da sutura ta mutunci. Daga unguwar Nima tafiyar ba nisa a trotro, wato ƙaramar motar haya.

Ka duba gindin bango da bakin rufi, nan tsohon ginin gaɓar teku ke fara ciwo. Iska mai gishiri tana cin ƙusa da kwano, ruwa ya samu hanya, katako ya ruɓe. Idan kuma aka shafe bangon farar ƙasa da siminti, danshi ba ya samun mafita, sai fenti ya kumbura, gishiri ya fito fari kamar kanwa. Duk ginin da ya haura shekara 120 a irin wannan iska, akwai masu kula da shi.

In ka fito, ka nemi makarantar Salem, wadda mishan ɗin ta buɗe a 1843.