Tsohuwar A-2 ta lokacin yaƙi ko sabuwar kwaikwayo? Ga wadda za ka saya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin A-2 (jaket ɗin fata na matuƙan jiragen yaƙin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu) da aka yi maka tayi da sunan ta 1942 ce, da sabuwa ta kwaikwayo, ɗauki sabuwar. Ta fatar akuya, kuma a ɗinka ta da awonka. Tunda sawa za ka yi ba a gilashi za ka ajiye ba, maganar ba ta da tsawo.

Ka sake duba hotunan da suka sa mu son wannan riga tun farko. Mutanen Jimmy Doolittle a kan jirgin ruwan Hornet a watan Afrilun 1942, kafin su tashi da jiragen B-25 guda 16 zuwa Japan. Baƙaƙen matuƙan nan na Amurka da ake kira 'yan Tuskegee a Italiya. Janar MacArthur da tasa A-2 ɗin. Babu ɗaya cikinsu da yake sanye da tsohuwar riga. Sabuwar fata ce a jikin mai ita, ta lanƙwasa inda gwiwar hannunsa take, ta kwanta yadda kafaɗarsa take. Wannan zaman da ta yi musu shi ne kyawun da muke gani, kuma ba za ka same shi a rigar da ta riga ta ɗauki siffar wani mutum shekara 80 da suka wuce ba.

Rundunar saman Amurka ta amince da A-2 a 1931. Zuwa 1943 shugabanta, Janar Hap Arnold, ya sa an karkata ga jaket ɗin yadi irin su B-10, aka daina ba da sabbin kwangilolin fata. Ka ga ke nan ko autar cikinsu ta tsufa tukuf. Zaren auduga aka ɗinka su da shi, ya riga ya ruɓe. Saƙar ulun da ke bakin hannu da ƙugu asu ya ci. Fatar ta bushe ta ciki ko da waje yana ƙyalli, domin masu sayarwa sun iya shafa mai. Ga kuma ƙanƙanta: samari 'yan shekara 20 da ɗoriya aka yi wa, masu shafaffen ciki, shi ya sa yawancin waɗanda suka rage ba sa wuce lamba 38 zuwa 42. Na taɓa riƙe tsohuwa ɗaya. Tana da kwarjini, ban hana ta wannan ba, amma ban taɓa ɗaga hannu a cikinta hankalina kwance ba, sai na miƙa ta ga mai tara kayan tarihi. A ƙasarmu ma abin ya fi muni: hunturu ya tsotse ɗan laushin da ya rage, damina ta zo ta sa mata fumfuna.

Tawa ta yanzu daga Galashiels ta fito, wani ƙaramin gari a Sikotilan inda kamfanin Aero Leather yake ɗinki. (Kada ka haɗa shi da tsohon Aero na garin Beacon a jihar New York, wanda ya yi wa soja kwangila lokacin yaƙi, suna ne ya zo ɗaya.) Na aika musu da awon ƙirji, faɗin kafaɗa, tsawon hannu da tsawon baya, na ce a ƙara min kaɗan a tsawon jiki saboda ina da tsayi. Da na je gida da ita wani hunturu, kawuna ya gan ta a rataye. Baduku ne, tun yana yaro hannunsa ke cikin fata, kuma ba ya yabon kayan waje da sauƙi. Bai ce komai ba ya sauke ta, ya shinshina, ya murza gefen aljihu tsakanin yatsunsa, sannan ya juya ta ciki-waje ya bi ɗinkin hammata a hankali har ƙasa. Da ya gama ya ce, "Wanda ya ɗinka wannan yana tsoron Allah." Washegari da asuba da ita ya tafi masallaci a kan jallabiyarsa, kuma har na bar garin shi yake sa ta da safe, ni in karɓa da hantsi. Na ji daɗin wannan fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi mata. Yanzu ta yi laushi, ta yi duhu a gwiwar hannu da bakin aljihu, ruwan sama ya sha dukanta, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Me ya sa na ce akuya? Da fatar doki aka fara yin A-2, daga baya da yaƙi ya yi zafi aka shigo da ta akuya da ta shanu, saboda haka duk wadda ka zaɓa ba ka kauce wa tarihi ba. Sojan ruwan Amurka ma akuya suka riƙe wa tasu jaket ɗin, wadda aka fara kira M-422 kafin ta koma G-1 a 1947. Fatar akuya ba ta da nauyi, tana da ƙwari, ba ta saurin nuna ƙarzuwa, kuma daga makon farko za ka iya tuƙa mota a cikinta. Mu da muka tashi muna ganin abin da majema suke fitarwa daga jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ta doki tana da masoyanta, kuma idan ta tsufa tana yin kyau, amma sai ka yi watanni kana kokawa da ita kafin ta saki.

Game da zane da tambari da ka ce kana so. A-2 kayan gwamnati ce, ba saya ake yi ba, ba ka ake yi. Abin da ya mai da kowace ta zama ta mai ita shi ne abin da ya ƙara mata: sunansa a 'yar fata a ƙirjin hagu, tambarin rukuninsa, aninin muƙaminsa a kafaɗa, sai zanen baya. Ma'aikatan jiragen B-17 da ke tashi daga Ingila sukan zana sunan jirginsu, su jera hoton bam ɗaya a kan kowane hari da suka kai suka dawo da rai, suna ƙirge har su cika 25 a sallame su. Waɗanda suka yi aiki a ƙasar Sin, tun daga matuƙan Amurka 'yan sa-kai da Claire Chennault ya jagoranta, sukan ɗinka wani ƙyalle mai tutar Sin da rubutun Sinanci da ke roƙon duk wanda ya tsinci wannan baƙo ya taimake shi. Jamusawa tasu hanyar daban ce. Matuƙansu da yawa da kuɗinsu suka sayi gajerun jaket ɗin fata, musamman a Faransa bayan 1940, suka kai wa tela ya maƙala musu muƙami. Irin wadda ake gani a jikin Erich Hartmann, shahararren matuƙinsu, ke nan, har masu kwaikwayo suna kiranta da sunansa. Doguwar kwat ɗin fata irin ta Rommel, babban hafsan sojan Jamus, ita ma hafsa ne yake yi wa kansa.

Ni shawarata ka bar taka fayau. Bama-baman nan da ke bayan rigar ranakun da wani ya kusa mutuwa ne, ba ado ba ne da za mu ara. Da yawa daga cikin zanen bayan kuma hotunan mata ne marasa sutura, ba abin da za ka shiga sahu da shi ba. Idan dole sai ka ƙara wani abu, sa a buga sunanka a 'yar fatar ƙirji, ya wadatar. Ta Jamus kuwa in har ta burge ka, a cire mikiya da alamar Nazi gaba ɗaya. A Jamus ɗin kanta fita da wannan alama laifi ne a doka.

Masu kwaikwayon kirki ba su da yawa. Akwai Eastman a yankin Devon na Ingila, akwai Aero da na ambata, akwai Good Wear a Amurka, sai Buzz Rickson's da The Real McCoy's a Japan. Abin da ya bambanta su da 'yan kasuwa shi ne ba "jaket ɗin matuƙa" kawai suke yi ba. Kwangila guda suke ɗauka, misali ta Rough Wear ko ta Dubow ko ta Perry, su kwaikwayi yankan kwalarta, siffar murfin aljihunta, launin shafinta, har irin zik ɗinta. Na Japan aikinsu ba shi da makusa, sai dai yankansu matsattse ne kuma ba kasafai suke sauya awo ba. Kuɗin yana da zafi, ka sa ran wajen fam 1,000 ko fiye, ban da kuɗin aikowa da na kwastan. Idan ya yi maka yawa, nemi ta hannu daga cikin waɗannan sunayen. Wadda aka sa shekara biyar tana nan da ƙarfinta.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka: ina shakkar wadda aka yi maka tayi. A-2 ta gaske da aka san mai ita da rukuninsa dubban daloli ake sayar da ita, ba a kuɗin sabuwa ba, kuma araha ba ta ado. Kafin ka tura ko sisi ka sa a ɗauko maka hotonta ta kowane ɓangare. Ta lokacin yaƙi aljihu biyu gare ta a gaba, masu murfi, babu aljihun gefe na cusa hannu, domin soja ba sa son ganin hafsa da hannu a aljihu. Bayanta fata ɗaya ce shimfiɗe, babu ɗinki a tsakiya. Zik ɗin yawanci zai kasance ƙirar Talon ko Crown ko Conmar. In ka ga YKK, ko dai ba ta lokacin ba ce ko an sauya. Ƙyallen wuya yana ɗauke da lambar zane da lambar kwangila, kuma kowace lamba an san kamfanin da aka ba, saboda haka yankan rigar dole ya dace da lambar. Amma kada ƙyallen ya ruɗe ka, ana sayar da shi daban a liƙa wa kowace riga. Akwai kuma waɗanda rundunar saman Amurka ta dawo da su a 1988. Na soja ne da gaske, sun kuma tsufa, shi ya sa ake yawan sayar da su da sunan na 1942. Mafi muni su ne masu samun tsohuwa fayau su yi mata sabon zane, su goge shi da yashi, su ƙirƙiro sunan wani kanar, kuɗi ya ninka.

Akwai labarin da ake amfani da shi a kanmu musamman, ka kula. Mai kaya zai ce maka wani Bature matuƙi ne ya bar wa kakansa a Kano. Gaskiya ne tun daga 1940 jiragen yaƙi suna bi ta Takoradi su sauka Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartum har Alƙahira, kuma daga baya Amurkawa sun bi hanyar. Amma wucewar jirgi ba shaida ba ce a kan rigar da ke gabanka. Wani kuma zai ce ta kakansa ce da ya je Boma. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 sojan ƙasa ne a ƙarƙashin Ingila, a dajin da zafi da ruwa suka yi yawa, ba a ba su A-2 ba.

A ɓangaren sababbi ma akwai mayaudara. Za ka ga shafi a Facebook ko Instagram da hoto mai kyau a kan kuɗi kaɗan, alhali hoton na ɗaya daga cikin kamfanonin da na lissafa ne aka sato. Abin da zai iso maka leda ce, ko ɓawon fata da aka shafe da roba, wadda hunturu ɗaya zai sa ta fara saɓa. Ka ce ya ɗauki bidiyon rigar a hannunsa, ya nuna maka bayan fatar ta ƙarƙashin murfin aljihu, ya kuma faɗa maka fatar wace dabba ce. Wannan tambaya ta ƙarshe ka dage a kanta, domin cikin masu araha akwai na fatar alade. Ana gane ta da ƙananan ramukan gashi da suke zuwa uku-uku a haɗe. Wanda ya ƙi amsawa ko ya ce "fata ce dai", bar shi da kayansa.

Kada kuma wani ya ja ka zuwa jaket ɗin B-3 ta Amurka ko Irvin ta mayaƙan saman Ingila, masu gashin tunkiya a ciki. An yi su ne don mutanen da ke sama da ƙafa 25,000 cikin sanyin da ya kai 40 ƙasa da sifiri. Ko a Jos ba za ka iya minti goma a cikinta ba.

Wajen awo kada ka auna jikinka, domin nan ake yawan samun matsala. Ɗauko rigar sanyin da ta fi zama maka daidai, shimfiɗa ta a ƙasa, sa tela ya auna daga hammata zuwa hammata, kafaɗa zuwa kafaɗa, tsawon hannu, da tsawon baya daga ƙasan kwala. Waɗannan lambobin za ka aika. A-2 gajeriya ce, a kan bel take tsayawa don an yi ta ne domin mai zaune a cikin jirgi, saboda haka in a kan kaftani za ka riƙa sawa, gaya musu su ƙara inci ɗaya ko biyu. Launi ka ɗauki ruwan ƙasa mai duhu, ya fi ɓoye ƙura. Idan ta iso ka rataye ta a kan marataya mai faɗin kafaɗa, nesa da rana, kuma kada ka rufe ta cikin leda da damina.